Sabuwar tele, tsohuwar waya

Sati biyu kafin a fara gasar cin kofin Afirka da aka yi a Kodebuwa a watan Janairu na 2024, na shiga kasuwar Dole na sayo tele mai inci 43. Tsohuwar tamu mai ƙaton ƙeya ta shekara goma sha tana aiki, yara sun dame ni da gori. A butik ɗin Alhaji hoton tas yake, har gumin da ke goshin ɗan wasa kana gani. Na ɗora ta a kabu-kabu, na rungume ta kamar jariri har gida a Zango.

Na zare wayar nan mai kai uku daga bayan tsohuwar, rawaya da fari da ja, na soka a sabuwa, na kunna. Gabana ya faɗi. Hoto ya fito, amma dishi-dishi kamar an shafa masa man shanu, rubutun da ke gudu a ƙasan labarai sai ka matse ido, mutane kuma duk sun yi faɗi kamar an danne su da faifai. Maiɗakina ta leƙo ta ce, "Malam, ai gara tsohuwar."

Washegari na koma kasuwa da zafina. Alhaji ya bari na gama, sannan ya ce, "Malam, da wace waya ka haɗa?" Na ce da wayar tele mana. Ya yi murmushi ya miƙo mini wata baƙa mai faffaɗan baki, ya ce jika biyu. Na ɗauka dabarar ƴan kasuwa ce, na saya dai don kada a ce na yi gardama.

Ɗan yayata, wanda ke bin masu kafa kwanon tauraron ɗan adam, shi ya fahimtar da ni da yamma. Ya ce, "Kawu, hoto ɗigo-ɗigo ne, kamar saƙar tabarma. In zaren ya yi yawa saƙa ta yi laushi." Wayar mai kai uku, rawayan ne kaɗai ke ɗauke da hoto, fari da ja sauti ne, kuma iyakarta hoton da aka saba da shi tun da can, ɗigo 720 a kwance, 576 a tsaye. Sabuwar telena kuwa 1920 ne a kwance, 1080 a tsaye. Na ɗauki biro na buga: na farko 414,720, na biyu 2,073,600. Ninki biyar cif. Wato na sayi buhu mai cin tiya biyar ina zuba masa tiya ɗaya, tele ta yi ta jan hoton tana baza shi don ya cika fuskarta. A tsohuwar ba a ganin aibin saboda ƙarama ce, kuma daidai ita aka yi hoton.

Baƙar wayar ita ce HDMI, ita kaɗai take kai hoto da sauti tare. Muka soka, tele ta yi shuɗi ta ce babu sigina. Ashe sai an danna maɓallin zaɓar mashiga a telekomand an kai ta HDMI 1, inda aka soka wayar. Wannan minti ɗaya ne.

Abin da ya ɗauke mu lokaci shi ne dikoda, akwatin nan da ke karɓo tashoshi daga kwano ya miƙa wa tele. Hoto ya gyaru amma bai kai na butik ba. Yaron ya shiga wurin saiti, ya tarar tana nan a kan 576, yadda take tun zamanin tsohuwar tele, siffar hoto, wato faɗinsa da tsayinsa, kuma a 4:3. Ya mayar da ita 1080i, siffa 16:9 irin ta faffaɗar tele. Fuskar tele ta ɗauke na ɗan lokaci, ta dawo, mutane suka koma daidai jikinsu. Na tambaye shi mece ce "i" ɗin, don akwai 1080p a jikin kwalin. Ya ce mai "i" rabin layuka yake aikowa sannan sauran rabin, da sauri yadda ido ba ya kamawa, mai "p" kuma duka lokaci guda. Yawancin tashoshin HD, wato masu hoto garau, na tauraro da 1080i suke zuwa, wasu 720p. Ya ce in bar ta nan, na bari.

Duk da haka, da na yi ta juya tashoshi sai na ga wasu garau, wasu har yanzu da hazo. Na ce to, an koma gidan jiya. Ya ce a'a, waɗannan tun daga tushe da ƙaramin hoto ake watsa su, babu waya ko saitin da zai ƙara musu abin da ba a aiko ba. Shi ya sa wata tashar za ka gan ta sau biyu a jeri, ɗaya da HD a gaban sunanta. Ni shekara da shekaru ina biyan abonma, ina kallon ta ƙasan.

Muna da kwano na biyu a soro, mai kallon tauraron Nilesat, na tashoshin kyauta da tsohuwar gidanmu take sauraron karatun Alƙur'ani. Dikodarsa ta tsufa, tashoshin HD ko dai ba ta kamo su, ko ka ji murya babu hoto. Sai dikoda mai ɗauke da DVB-S2 da H.264 a rubuce a kwali, alamar tana iya kamo tashoshin HD ta nuna hotonsu. Ban saya ba tukuna, tsohuwa ta ce ita kunne take buƙata.

Wani abu kuma da na lura da shi da hunturu: iska ta ɗan gusar da kwanon, sai tashoshin HD suka fara kakkaryewa gida-gida, suna tsayawa cak, alhali wasu ƙananan suna tafiya. Hoton zamani ba ya yin yayyafi irin na da, ko ya zo ko ya farfashe. A wurin saiti akwai sanduna biyu na sigina, ƙarfi da inganci, kuma ingancin ake dubawa. Yaron ya hau soro ya ɗaure kusoshi, ya sauya kan wayar da ya yi tsatsa, ni ina ƙasa ina masa kirarin lambobi.

Ran 11 ga Fabrairu, daren wasan ƙarshe tsakanin Najeriya da Kodebuwa, zaurena ya cika har ƙofa. Maƙwabcina, wanda rabin danginsa ke Daura, ya yi tsalle ya zubar da shayi lokacin da Troost-Ekong ya sa wa Najeriya da ka. Kessié ya rama wa Kodebuwa, Haller ya ƙara a minti na 81, aka yi ta maimaita ƙwallon a hankali, ana ganin yadda ya miƙa tsinin takalminsa ya taɓa ta. Maƙwabcin ya tashi ya kaɗe rigarsa, ya ce, "Malam, da ka bar mana tsohuwar wayar nan."