Rabon ƙarfi a kakar gasar Ironman

Ironman iyo ne na kilomita 3.8, keke kilomita 180, sannan gudu kilomita 42.2, duk a yini ɗaya. Biyu ko uku a shekara sun ishi ƙwararre, domin jiki kan ɗauki makonni kafin ya murmure.

A kan keke aka fi yin ɓarna. Wanda ya zage ƙarfinsa a nan, ƙafa za ta yi masa nauyi tun farkon gudu. Kan keken ne kuma wurin cin abinci: giram 60 zuwa 90 na sukari kowace awa, da ruwa mai gishiri-gishiri. Lallai a saba wa ciki da wannan tun lokacin atisaye, in ba haka ba amai ko gudawa su tsayar da mutum, musamman a zafin Kona, garin da ake yin gasar a Hawai ta Amurka.