Laraba: Baba na gado na huɗu

Tun ban ajiye jakata ba da safen nan nas ɗin dare ta tare ni da takardar gwaji. "Likita, duba na Baba na gado na huɗu." Tiroponin ɗinsa, wato abin da ake aunawa a jini don gano rauni a zuciya, ya haura iyaka kusan ninki biyar. Gabana ya faɗi.

Dattijo ne da ya haura shekara 70, mai hawan jini tun da daɗewa. Shekaranjiya muka kwantar da shi da mura mai tsanani, gwajin hanci kuma ya tabbatar infuluwenza ce. Na same shi zaune, ya jingina da filo uku, bututun oksijin a hancinsa, yana ja da kyar. 'Yar na'urar auna oksijin da ke maƙale a yatsansa tana nuna kashi 88, ƙasa da yadda ya kamata, zuciyarsa na gudu 118 a minti. Na ce, "Baba, ƙirji yana ciwo?" Ya girgiza kai. "Ɗana, numfashin ne kawai ba ya isa ta."

Tiroponin wani furotin ne da ke zaune cikin tsokar zuciya. Idan tsokar ta ji rauni sai ya tsiyayo cikin jini, shi ya sa da an gan shi sama hankali yake tafiya kan toshewar jijiyar zuciya. Amma ga mai irin wannan mura hanyoyin raunin suna da yawa. Zazzaɓi yana sa zuciya gudu, huhun da ya kumbura kuma ba ya ba ta isasshen oksijin, sai ta yi ta aiki a cikin yunwa. Yaƙin da garkuwar jiki take yi da ƙwayar cutar ma yana iya taɓa ta. Wani lokaci tsokar ce kanta take kumbura. Ƙoda mai rauni ita ma tana ɗaga lambar.

Muka ɗauki i-si-ji, wato gwajin da ke zana bugun zuciya a takarda, ba alamar toshewa. Muka sake ɗibar jini bayan awa 3, domin lamba ɗaya ba ta faɗin komai sai an ga ko tana hawa ko tana tsaye. Ta tsaya kusan inda take.

A nan ne na so in saki jiki. Da babbar likitarmu ta zo zagaye na ce mata, "Ranki ya daɗe, ba toshewa ba ce, murar ce kawai." Ba ta ce mini komai ba. Ta karkata kan Baba gefe, ta nuna mini jijiyar wuyansa da ta cika ta taso, ta danna ƙaurinsa da babban yatsa, wurin ya lotsa ya ƙi dawowa. Sannan ta ɗaga kai ta dubi ledar ƙarin ruwan da ke rataye. Ni na rubuta ta jiya saboda zazzaɓin, ban tsaya na duba wuyansa ba. Abin ya tsaya mini a rai har yanzu.

Gwajin BNP da ta sa a yi ya dawo da rana, shi ma sama sosai. Wannan sinadarin zuciya ce ke sakin sa idan bangonta ya miƙe saboda ruwa ya yi mata yawa. Muka tsayar da ƙarin ruwan, muka yi masa allurar da ke fitar da ruwa ta fitsari, muka ci gaba da oseltamibir, maganin infuluwenza, muka nemi a yi masa hoton zuciya gobe.

Lokacin hutu na koma na duba abin da na taɓa karantawa na bari ya shige. A birnin Wuhan na ƙasar Sin, farkon 2020, cikin masu korona 416 da aka kwantar, kusan ɗaya cikin biyar sun nuna rauni a zuciya, kuma kashi 51 cikin 100 nasu sun rasu, alhali sauran ba su kai kashi 5 ba. A Kanada kuma, binciken 2018 ya nuna haɗarin toshewar jijiyar zuciya yana ninka kusan sau 6 a makon farko bayan an tabbatar da infuluwenza. Ke nan ko ba toshewa yau, wanda tiroponin ɗinsa ya hau yana bakin rami, kuma makon bai ƙare ba tukuna. Na fi ganin laifinmu a nan: da mun ji "mura" sai idonmu ya tsaya a huhu.

'Yarsa ta tare ni a baranda da yamma, idonta ya yi ja. Ta ji ana maganar zuciya. "Likita, don Allah ka faɗa mini gaskiya." Na ce mata zuciyar Baba ta gaji ne da ɗawainiyar ciwon, ba mu ga toshewa ba, amma ba za mu ɗauke ido daga kansa ba. Na kuma ce idan Allah ya ba shi lafiya za mu zauna mu yi maganar allurar rigakafin infuluwenza ta kowace shekara.

Kafin in tafi na sake leƙa shi. Fitsari ya fita sosai, na'urar tana nuna 93, zuciyar ta sauko 96. Ya yi barci a kan filo biyu, bakinsa a ɗan buɗe. Na rubuta wa mai aikin dare cewa in ya yi ƙorafin ƙirji ko kaɗan, a ɗauki i-si-ji nan take a kira ni.