Kwana biyu a ƙarƙashin mota a Agege

Shekaranjiya da daddare na shigo Funtua daga Legas, har yanzu baƙin mai bai gama fita daga farcena ba. Mota na je ɗaukowa. Sana'ata sayen hatsi a kasuwannin ƙauye, su Dandume da Bakori da Sabuwa, kuma duk wanda ya san hanyoyin nan da damina ya san ƙaramar mota ba ta kai mutum ko'ina. Shekara uku ina tari don in mallaki jif mai ja da taya huɗu. Kawuna da ke zaune a Agege shi ya samo min Toyota 4Runner ƙirar 2008, 'yar Beljiyam kamar yadda muke cewa, duk da cewa daga Kanada ta fito.

Tafiyar zuwa ba ta da labari. Motar dare ce, ta Abuja da Lakwaja da Ibadan, rabin hanyar ma barci na yi. Abin da ya fara tarbata a Ikko shi ne iska. Iskar garin jiƙaƙƙiya ce, kana tsaye a inuwa rigarka na manne maka a baya. Na wanke hula da yamma, gari ya waye ba ta bushe ba. A Funtua kafin ka idar da la'asar ta bushe ƙayau.

Agege kuwa sai ka rantse wata unguwa ce a Kano. Mai shayi, mai yankan farce, mai tsire, ladan, duk Hausa. Kawu ya ce goro ne ya fara zaunar da kakanninmu a nan, musamman bayan layin dogo ya haɗe Ikko da Kano a 1912. Har yau layin na ratsa tsakiyar unguwar, sabon jirgin cikin gari da ya fara aiki a 2024 tsakanin Agbado da Oyingbo ma ta nan yake wucewa.

Motar tana wani fili a Berger, kusa da Mile 2. Baƙa ce, an wanke ta an goge, kujerun fata ba ko ƙwarzane. Inji lafiya lau. Amma da muka fita gwaji na hau tudun rage gudu, sai bayanta ya yi ta lilo kamar kwale-kwale, sau uku sau huɗu kafin ya tsaya. Mai motar ya ce iskar taya ce ta yi yawa. Kawu bai ce masa komai ba, ya dai sa aka rage kuɗi mai kauri, muka biya muka fito.

A hanyar Agege ne wani mai kaki ya tsayar da ni. Ban gama sauke gilashi ba ya buɗe ƙofar baya ya shige ya zauna, ba sallama ba gaisuwa, yana daka min tsawa wai na taka layin da ba nawa ba. Takardu cikakku, bai ko duba ba. A garinmu ko ɗan sandan da ya fi kowa zafi zai ce maka sannu da hanya kafin ya faɗi laifinka. Sai da Kawu ya juya masa Yarbanci, a hankali, ba faɗa, sannan ya fita yana ƙunƙuni. Abin ya tsaya min a rai har dare.

Garejin da Kawu ya kai ni yana wajen Oko-Oba, ba nisa da abatuwa. Mai garejin Bahaushe ne haifaffen Agege, da yaransa Yarbanci yake yi, da ni Hausa. Ya danna kusurwar motar ta baya da dukkan ƙarfinsa ya saki, ta yi ta rawa. Ya ce, "Alhaji, shakazoba ce, duka biyun sun mutu. Mai lafiya sau ɗaya take tashi ta tsaya." Sai ya miƙo min kwali da tocila ya ce in shigo ƙarƙashi in gani da idona.

Ban taɓa ganin tsatsa irin wannan ba. Notuna sun kumbura sun yi ɓawo kamar ƙanzo a gindin tukunya, ka taɓa da yatsa garin ja ya zubo maka a fuska. Shakazobar hagu duk jikinta mai ya tsiyaye ya kama ƙura. Na ce, "Oga, ruwa motar nan ta faɗa?" Ya ce a'a, gishiri ne. A can Kanada idan ƙanƙara ta rufe titi, gishiri ake watsawa don ta narke, taya kuma ta yi ta feso ruwan gishirin ƙarƙashin mota, shekara da shekaru. Sannan ta yi makonni a jirgin ruwa, ta sauka a Tin Can ta sha iskar teku. Mu a Arewa ƙura da rana ke cin mota. Tsohuwar Fijo ta mahaifina ta haura shekara ashirin, amma notinta da sifana ɗaya yake kuncewa.

Na ɗauka aikin awa ɗaya ne. Oga ya ce sai gobe. Ya sa aka tokare tayoyin gaba da dutse, aka ɗaga motar aka ɗora ta kan ƙarafan tsayawa, sannan ya sa jek na biyu a ƙarƙashin ƙarfen da ke haɗe tayoyin baya. Na tambayi amfanin na biyun. Ya ce shakazoba ce ke hana ƙarfen nan zarcewa ƙasa, idan ka cire ta ba tallafi zai faɗi, sifirin na iya tsalle ya fita, tiyon birki kuma ya miƙe har ya tsage. Yaro ya kankare notunan da buroshin waya, aka fesa musu man gwangwani mai cin tsatsa, aka ƙara da man birki, aka ce a bar su su sha.

Da yake akwai jira, muka nufi Ladipo, kasuwar kayan gyaran mota a Mushin, neman wasu shakazobar. Babu acaɓa, tun 2022 aka hana su a wannan yankin, kuma da yawa cikin waɗanda abin ya shafa yaranmu ne 'yan Arewa. Danfo muka shiga. Na san Kofar Ruwa a Kano, na san Panteka a Kaduna, amma Ladipo wata duniya ce. Layi guda injuna ne kawai jibge kamar buhunan masara, wani layin ƙofofi, wani fitilu. Kafin ka yi taku goma samari biyar sun kewaye ka, "Aboki, me kake nema?" Kalmar nan a bakinmu ta girmamawa ce, amma yadda wasu ke jefa ta a can ba ta yi min daɗi ba ko kaɗan.

Wani ɗan kasuwa Ibo ya fito mana da guda biyu na asali waɗanda aka ciro daga wata motar, ya ce naira dubu 120. Ga kuma sababbi fil a kwali da ba su kai haka ba. Ni sababbin suka ja hankalina. Oga ya ɗaga ɗaya ya auna nauyinta a hannu, ya ajiye, ya ce wannan ba za ta ga ƙarshen damina a hanyar Sabuwa ba. Ya tsayar da ta asalin a ƙasa ya danne ta da ƙirjinsa, ta shiga da ƙyar, ya saki, ta taso da kanta a hankali ba gargada. Ya duba sandar ko ta lanƙwashe, ya shafa wuyanta ko akwai mai. An yi ciniki har mun fita shagon sau biyu, daga ƙarshe dubu 75. Mutumin ya ƙara mana robobin bushin sababbi a matsayin gyara, ya kuma sayo mana ruwan sanyi. Mutunci dai ya yi mana. Amma tsadar garin ta isa. Tumatirin da ake lodawa daga Danja, idan ka gan shi a faranti a Agege ka ji kuɗinsa sai ranka ya ɓaci saboda manomin da ya sayar da kwando a arha.

Washegari bayan asuba muka koma. Ta dama ba ta ba da wahala sosai ba. Kan shakazobar sanda ce da ta ratsa wani ƙarfe, notin na sama a wani lungu tsakanin gangar jiki da firam, inda yatsu uku kawai ke shiga. Kana juya notin sandar na juyawa tare da shi. Yaro ya damƙe ta daga ƙasa da babbar sifanar masu gyaran famfo. Oga ya fara ƙara ɗaure notin kaɗan tukuna, har ya yi ƙara, sannan ya dawo da shi baya. Gaba kaɗan, baya kaɗan, ana fesa mai, har ya fito.

Ta hagu ce ta ci mana rabin yini. Kusurwoyin notin sun riga sun cinye, sifana sai zamewa take. Wani yaro ya ce a kira mai walda ya sa masa wuta. Oga ya ɗago kai ya ce, "Wuta a ina? Ka ga tanki, ka ga tiyon fetur. Ita kanta shakazobar mai ne a cikinta da iskar gas a matse, ta ji zafi fashewa za ta yi a fuskarka." Ya cire ruwan zarto daga mariƙinsa, ya naɗe gefe ɗaya da tsumma, ya kwanta rigingine ya fara yankan sandar ta tsakanin robar bushin. Wurin bai ba shi damar jan hannu fiye da tsawon yatsa ba. Gumi na shiga masa ido, garin tsatsa na zuba a gemunsa, bai yi tsaki ko sau ɗaya ba. Ruwan zarto biyu suka karye. Na karɓe shi na ɗan lokaci, nan na san aikin ba wasa ba ne. Ana kiran azahar ta yanke.

Ƙasan ma da nasa. Ya ce abin tsoro shi ne kusar ta karye a cikin sandar da shakazoba ke rataye a kai, don daga nan sai haƙa da sake yanka zare. Ya yi ta bubbuga kan kusar da guduma a hankali kafin ya sa mata doguwar sifana. Ta kunce, amma idon shakazobar ya manne ƙam. Sai da aka yanke robar da wuƙa, aka ciro gangar, sannan aka tsaga zoben da ya rage da cizal.

Ɗaura waɗanda muka sayo bai kai rabin awa ba. Ya goge sandunan da samfefa, ya shafa giris a kowane zare, bai kuma ƙarasa ɗaure na ƙasa ba sai da aka sauke motar ta tsaya kan tayoyinta, don kada robar ta murɗe ta yage da wuri. Dubu 25 ya nema na aikin kwana biyu. Na ba shi 35, na sallami yaran daban. Kawu kuwa ko kuɗin cefane ya ƙi karɓa, ya ce, "Ɗana, gidan ubanka ka zo." Matarsa ta cika min leda da burodin Agege da goro.

Dawowa ta Ibadan da Ogbomosho da Ilori na biyo, na kwana a Jebba. Tsakanin Mokwa da Bida ramuka sun gwada aikin Oga, bayan motar bai yi lilo ba. Suleja, Kaduna, Zariya, gida.

Yankakkiyar shakazobar tana but, zan kai wa bakanikena ya gani. Na tayoyin gaba ma notunansu sun yi ƙanzo. Oga ya ce in riƙa fesa musu mai duk Juma'a har wata guda kafin a sa musu sifana, yau da safe na yi na farko.