Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Ƙwayar da ta ƙafar mini da yawu

Makon jiya na tsaya a inda na fito daga ɗakin likita da takarda a hannu, bayan shekara biyu ina ɓoye lalurar yawan fitsarin da ko Malam ban faɗa wa ba sai da ya gano da kansa. Wanda kuke ɗaki ɗaya, kina tashi sau biyar kafin asuba kina lalubar buta, me za ki ɓoye masa?

Sunan maganin oksibutinin, 'yar mitsitsiyar ƙwaya, miligiram 5, safe da dare. Likitan ya ce mafitsarata ce ke matsewa tun ba ta cika ba, ƙwayar za ta kwantar da ita. Har na kai ƙofa ya ce, "Hajiya, baki zai ɗan bushe." Iyakar gargaɗin ke nan. Ban riƙe shi a zuci ba, don na ga yawan masu jiransa, amma kalmar "ɗan" ɗin nan ta cuce ni.

Sati biyun farko kamar an sake ni daga kurkuku. Na je kasuwar Sabon Gari na dawo Tudun Wada ban roƙi bayin kowa ba, ni da na haddace duk gidan da zan iya yin sallama a hanya. Alwalar Magariba ta kai ni Isha'i. Ranar har ƙwalla na yi a kan darduma.

Sai azumin 2024 ya kama cikin Maris, zafi na shigowa. Na mayar da ƙwayar sahur da shan ruwa. Ƙishin azumi na san shi tun ina 'yar shekara goma, wannan daban ne. Harshena ya zama kamar busasshen soso, in ina Fatiha sai in ji yana manne wa dasashi yana ɓanɓarowa. Dabinon buɗa-baki na tauna har na gaji ya ƙi wucewa, sai da na kora da kunun tsamiya. Na sha ruwa cikina ya yi tulu, bakin yana nan yadda yake.

Bayan gida ya ɗauke kwana huɗu. Hular da nake ɗinkawa na ajiye, don zare ya daina shiga allura sai jikana ya zura mini, baƙaƙen Alƙur'ani kuma suna yi mini hazo-hazo. Wata rana da azahar an ɗauke wuta, kowa na tsiyayar gumi, surukata ta dube ni ta ce, "Umma, ke kam zafi bai dame ki ba." Har daɗi na ji. Ashe jikina ya yi zafi kamar murfin tukunya, gumin ne ya daina fita.

Abin da ya tayar wa gida hankali shi ne kaina. Na fara ɓata lissafin raka'a a tarawihi. Na zuba gishiri a kunu. Na kira jikana da sunan ƙanena da ya rasu shekaru da yawa, har ina yi masa faɗa don bai amsa ba. Yayar Malam ta zo daga cikin birni ta ce wannan ba na asibiti ba ne, ta kawo rubutu da hayaƙi. Na sha rubutun, ayar Allah ce. Amma tsorona daban yake: Innarmu da mantuwa ta ƙare, har ta daina gane mu, sai na ce to, layi ya zo kaina.

Auta ce ta warware. Tana karatun lauya a Kongo, reshen Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, kuma an koya musu kada su bar ƙananan rubutu ya wuce su. Ta zaro takardar nan da ake nannaɗewa cikin kwali, wadda ni nake kunna risho da ita, ta zauna bakin gado tana karantawa tana kallona. Bushewar baki, taurin bayan gida, dishi-dishin gani, raguwar gumi, ruɗewa musamman ga masu shekaru.

"Umma, ban da wannan me kike sha?"

Na ce ba komai, sai Piriton da na saya a kemis tun murar hunturu. Na ga yana sa ni barci, na ci gaba da sha kullum dare.

Washegari muka koma asibiti, muka dace da likita mace. Ta yi mini bayani da Hausa tsantsa. Akwai wani sinadari a jijiyoyi, asetilkolin, shi ne ɗan aiken da ke ce wa mafitsara ta matse. Shi ne kuma ke aiken yawu da gumi, shi ke motsa hanji, shi ke daidaita ido ga abu na kusa, kuma ƙwaƙwalwa na amfani da shi wajen riƙe abu. Ƙwayar tana tare masa hanya, ba ta tambayar ina aka aike shi. Oksibutinin yana cikin masu saurin kaiwa ƙwaƙwalwa, Piriton kuma irin tarewar nan yake yi, ga azumi ga zafi. Ta ce rashin gumin ya fi komai ba ta tsoro, don zafi kan taru a jiki har ya kayar da mutum.

Ta tambaye ni ko an taɓa ce mini ina da hawan jinin ido, don akwai nau'insa da wannan magani ke tayarwa. Ta tambayi ko fitsarin na fita duka, don ƙwayar kan wuce gona da iri ta riƙe shi. Sannan ta ce in ajiye duka biyun, oksibutinin da Piriton. Akwai solifenasin da ake sha sau ɗaya a rana, amma danginsu ɗaya. Akwai mirabegiron da hanyarsa daban, sai dai yana iya ɗaga jini, ni kuwa dama ina fama da hawan jini, ga tsada. Ta ce mu fara da horar da mafitsara: in riƙa zuwa bayi da agogo, ina ƙara tazara kaɗan-kaɗan, ina motsa naman ƙasan mara kamar mai riƙe tusa, ina rubuta komai a littafi.

Har mun miƙe ta dubi haƙorana.

"Hajiya, goro nawa a rana?"

Na ce ɗan kaɗan. Auta ta ce uku, ban da shayi. Likitar ta ce abin da ke hana barci a goro da shayi shi ke tsokanar mafitsara. Na yi wa Auta kallon da ta sani.

Kafin sallah kaina ya dawo daidai, yawu ya dawo, gumi ya karyo har ina murna da shi. Fitsarin ma ya dawo da halinsa, ko da yake bai kai da ba. Ranar jajibiri na zura zare da kaina a karo na biyu, na ƙarasa hular Malam ya je idi da ita.

Goron kuwa, Auta ta kwashe ta kai ɗakin babanta, ta manta shi ya koya mini ci. Yadda muka ƙare da su biyun, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.