Kwana Biyu a Narva, Inda Rasha Ke Leƙowa Ta Taga

Tun kafin jirgin ƙasa ya kai ƙarshen layi kunnena ya gaya mini mun canza wuri. Da muka taso daga Talin, babban birnin Istoniya, hirar cikin tarago da Istoniyanci ake yi. A kowace tasha wasu su sauka wasu su hau, kafin mu wuce Jõhvi ba abin da ake ji sai Rashanci. Allunan tasha ne kaɗai suka ƙi sauyawa. Tafiyar kilomita 200 ce da 'yan kai, kusan awa uku, kuma jirgin ba ya wuce Narva. Daga nan sai kogi, bayan kogi sai Rasha.

A watan Nuwamban 2024 na je, lokacin da duhu ke rufawa tun wajen ƙarfe huɗu na yamma. Ina ajiye jaka a masauki na nufi bakin ruwa don kada haske ya ƙare mini. Ban daɗe da tsayuwa ba wayata ta yi ƙara, saƙo ne yana yi mini maraba da zuwa Rasha. Gabana ya faɗi, don ni ko bizar ƙasar ba ni da ita. Da na ba mai masaukin labari da daddare sai ya yi dariya, ya karɓi wayar ya kafe ta a kan layin Istoniya. Ya ce duk baƙon da ya sauka wurinsa sai ya yi masa haka, in ba haka ba kuɗin kira ya cinye shi yana tsaye a cikin Turai.

Abin da ke bakin kogin nan, hoto ba ya biyan bukata. Ganuwa biyu ne na dutse suke kallon juna, tsakaninsu ruwan da bai kai mita 200 ba. Ta wannan gefen mutanen Danmak suka fara ginawa a ƙarni na 13, daga baya mayaƙan Jamus suka ɗora mata doguwar hasumiyar da ake kira Hermann. Ta can gefen kuwa Ivan na Uku, sarkin Mosko, ya gina a 1492, garin ya ci sunansa, Ivangorod. Tuta na kaɗawa nan, wata na kaɗawa can. A lokacin sanyi agogon can yana gaban na nan da awa guda, wato in ka ɗaga hannu ƙarfe uku, wanda ya mayar maka da gaisuwa yana cikin ƙarfe huɗu. A ƙasan ganuwar masunta sun shiga ruwa har ƙugu cikin dogayen wandunan roba, na nan da na can, kowa ya zuba wa ƙugiyarsa ido, ba mai kallon wani.

Abin da ya ba ni mamaki shi ne Ivangorod ƙaramin gari ne, mutanensa wajen dubu 10, Narva kuwa ta haura dubu 50. Amma ba wanda ke auna su da haka. Bayan Narva akwai ƙasar da duk jama'arta ba su kai miliyan ɗaya da rabi ba, bayan Ivangorod kuwa akwai miliyan 140 da wani abu. Sen Pitasbag, mai mutane fiye da miliyan biyar, kilomita 150 ce kacal daga nan, ta fi Talin kusa. Shekara da shekaru can mutanen Narva suke zuwa kallon wasa, ganin dangi da sayayya, tashoshin talabijin na can ne kuma suke yi musu hira a falo.

Washegari da sassafe na je dandalin Peetri, tsakiyar gari, inda ofishin tsallaka iyaka yake. Sunan gadar da ta haɗa garuruwan Gadar Abota. Tun 1 ga Fabrairun 2024 Rasha ta rufe ta ga motoci da sunan gyara, yanzu tubalan siminti masu tsini da waya mai ƙaya ne a kan kwaltar, sai wata siririyar hanya ta masu ƙafa. Da daddare ma rufewa ake yi. Ga shi tun da aka fara yaƙin Yukren a 2022 jirgin sama ya daina tashi tsakanin Tarayyar Turai da Rasha, Finlan kuma ta rufe iyakarta a ƙarshen 2023. Sai ya zama duk mai son shiga Rasha daga Jamus ko Sifaniya ko Helsinki, a nan yake tarar da 'yan uwansa. Layin ya miƙe ya zagaya dandalin, mutane sun rufe fuska da mayafi suna buga ƙafa a ƙasa saboda sanyi.

A nan na haɗu da wata tsohuwa mai jan jakar taya. Ta dube ni sama da ƙasa, ta yi magana, na nuna ban ji ba, sai muka koma ga manhajar fassara a waya, ta faɗa in karanta, in faɗa ta saurara. Ta ce, "Ɗana, kai ma tsallakawa za ka yi?" Na ce a'a kaka, kallo na zo. Ta ce to tun da kallo ne, in riƙe mata wuri ta je ta ɗan zauna, gwiwa ta hana ta sakat. Haka na tsinci kaina a layin shiga ƙasar da ba zan shiga ba, riƙe da jakar da ban san abin da ke ciki ba. Sai da na matsa gaba sau biyu na tuna irin gargaɗin da ake yi a filin jirgi game da kayan wani. Zufa ta karyo mini duk da sanyin nan.

Da ta dawo ta zaro fasfonta ta nuna mini. Bangonsa ruwan toka ne. Ba na ɗan ƙasa ba ne, na baƙo ne, alhali a Narva aka haife ta. Asalin maganar yana komawa 1944, shekarar da yaƙi ya rushe garin kusan ƙurmus. Bayan yaƙin hukumomin Sobiyet ba su bar yawancin tsofaffin mazauna sun dawo ba, sai aka cika garin da ma'aikata daga sassan Tarayyar Sobiyet. Iyayenta na cikinsu. Da Istoniya ta karɓi 'yancinta a 1991, ta mayar da zama ɗan ƙasa ga waɗanda suke da shi kafin mamayar Sobiyet ta 1940 da zuriyarsu, sauran kuwa sai sun ci jarrabawar harshe. A garin da fiye da kashi 90 cikin ɗari Rashanci suke yi a gida, da wa za ka koyi Istoniyanci? Wasu sun daure sun ci, wajen kashi ɗaya cikin uku suka karɓi fasfon Rasha, wasu suka tsaya a tsakani da mai ruwan toka. Ba ta jefa ƙuri'a a zaɓen majalisar ƙasa, amma tana shiga Rasha ba biza, tana yawo a Turai ba biza. Ta ce ƙanwarta na can tsallake, daga tagar ɗakinta tana hango unguwarsu. Da can tafiyar minti ashirin ce. Yanzu takan yi wuni.

Ta yi shekara talatin tana aiki a masaƙar Kreenholm, don haka da rana na je na gani. An kafa ta a 1857 a kan wani tsibiri a tsakiyar kogin, saboda ƙarfin ruwan da ke zubowa daga duwatsu, ta kuma taɓa ɗaukar ma'aikata fiye da dubu 10. A 2010 ta durƙushe. Gine-ginen jan bulo ne jere kamar gari guda, tagogi ba gilashi, ciyawa ta fasa dandamali. Ruwan ma da ya jawo ta babu, tun da aka datse kogin don tashar lantarki a shekarun 1950. Garin da ya taɓa kaiwa mutum dubu 80 kullum raguwa yake, matasa na tafiya Talin da Finlan.

Da yamma na zauna da wani ɗalibi a kwalejin garin, reshen Jami'ar Tartu, wadda sabon gininta ke maƙwabtaka da tsohon zauren gari, ɗaya daga cikin 'yan gine-ginen da aka ceto bayan yaƙi. Na yi masa tambayar da na zo da ita tun daga Talin: in abu ya ɓaci, ina mutanen nan za su karkata? Ya yi shiru, ya ce duk ɗan jaridar da ya zo tun 2014, shekarar da Rasha ta ƙwace yankin Kirimiya daga Yukren, wannan yake tambaya, ya kwana ɗaya ya koma. Na ji kunya, don ni ma kwana biyu zan yi. Ya ce kakarsa ta yi kuka ranar da aka ɗauke tankar yaƙin Sobiyet daga bakin hanya a Agustan 2022, kuma ran 9 ga Mayu, ranar da Rasha ke bikin nasara a Yaƙin Duniya na Biyu, in ta kafa dandamalin waƙa a bakin Ivangorod ta juyo da manyan allunan bidiyo wajen Narva, tana cikin masu zuwa kallo. A bangon ganuwar Narva kuwa, a ranar akan rataya ƙaton hoton Putin da rubutun mai laifin yaƙi. Amma kuɗin fanshonta na Yuro ne, ta kuma san abin da takwarorinta ke karɓa a can, ba ta taɓa cewa za ta koma ba. Shi da kansa a Talin ana ce masa ɗan Rasha, a Pitasbag da ya je yana yaro 'yan uwansa suka ce masa ɗan Istoniya.

Ni dai a ganina masu tuhumar garin nan daga nesa suna cika baki. Wanda ke kwana yana jin haushin karnukan maƙwabcin da ya fi ƙarfinsa, ya san abin da zai faɗa da abin da zai haɗiye, ba kuma kowane shiru ne goyon baya ba. Haka nan ban ga laifin 'yan Istoniya ba in sun tsorata, musamman da Putin ya fito a 2022 ya ce Sarki Bitrus na Rasha da ya ci Narva a 1704 kayansu ya karɓo.

Tsohuwar nan kuwa, wajen ƙarfe ɗaya layi ya kai ta ƙofa. Kafin ta shiga ta sa na rubuta mata sunana a bayan wata takardar kantin magani, ta ce ƙanwarta ba za ta yarda ba in ba ta ga shaida ba. Na sauka bakin ruwa na ɗaga kai ina duban gada. Ta cikin ragar ƙarfen na hango farar hularta, tana tafiya tana tsayawa, jakar na biye da ita, har ta wuce tsakiyar kogin inda ƙarfe biyu ta riga ta yi.