Daga Maraɗi zuwa Dawanau da buhunan wake

Da asuba muka taso daga Maraɗi a motar kaya, ɗauke da wake da aya. A Ɗan Isa, garin Nijar da ke bakin iyaka da Najeriya, aka duba kayan, aka buga hatimi a takardar Faransanci. Da muka ƙetara Jibiya sai aka sake sauke buhuna, aka cika wata takardar da Turanci. Ma'aikatan ɓangarorin biyu da Hausa suke gaisawa, amma hatimin wannan ba ya wadatar da wancan.

Sai bayan la'asar muka shigo Kano ta hanyar Katsina, muka ratse kasuwar hatsi ta Dawanau. Layin wake ya cika maƙil, 'yan dako na ta kai da kawo, ƙurar riɗi da zoɓo na tashi. Dillalina ya zura hannu a buhu, ya ɗebo, ya shinshina, ya gutsiri ƙwaya ɗaya.

"Alhaji, an sa masa magani?"

Na ce a'a. Ya ce, "To madalla. Gobe za a juye shi da na Gombe da na Borno, wa zai ƙara sanin na wace ƙasa ne?"

Nan gizo ke saƙar. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da waken Najeriya saboda yawan maganin ƙwari a jikinsa. Tunda a Dawanau waken ƙasashen biyu ke haɗuwa, ai kamata ya yi ma'aunin gwajin ya zama ɗaya, a gwada sau ɗaya a iyaka, kowa ya yarda da sakamakon. Wurin tattauna hakan kuwa akwai shi: hukumar haɗin gwiwa ta Najeriya da Nijar, mai mazauni a Yamai, tun 1971 take. Abin da muka fi gani shi ne rufe iyaka, a 2019, sannan bayan juyin mulkin 2023. Ga shi Nijar ta fice daga ECOWAS a Janairun 2025, nauyin daidaita ƙa'idoji ya ƙara komawa kan ƙasashen biyu.

Washegari na biya Wapa na canji naira zuwa sefa, na wuce Kantin Kwari sayen atamfa. Mai shagon ya kawo zancen layin dogon Kano zuwa Maraɗi da aka aza harsashinsa a 2021. Ina ɗokinsa ƙwarai. Amma na tambaye shi: in jirgin ya iso iyaka, takarda nawa za a nema a kan tarago ɗaya?