Inda na kai a koyon Excel da sauran ayyukan tebur

Assalamu alaikum 'yan ajin Asabar. An ce kowa ya riƙa rubuta inda ya kai, domin waɗanda aiki ko hidimar gida ke hana su zuwa su san abin da ake ciki. To ga nawa. Ni jami'in jarabawa ne a sashenmu, saboda haka yawancin maganata a kan takardar sakamako za ta tsaya. Mutanen rijistara da na laburare ku yi haƙuri, ku tsinci abin da zai amfane ku.

Farkon zango

Aiki ɗaya na ɗora wa kaina: in haɗa sakamakon 'yan aji ɗaya tun daga makin da malamai suka miƙo har zuwa babbar takardar da ake kai wa kwamitin tsangaya, ba kalkuleta, ba kiran yaron shagon buga takardu. Tun bayan korona a 2020, da kowa ya tashi da maganar Zoom da karatu ta intanet, ake ta shirya mana bita. Takardun shaidar halarta suna nan jibge a durowa. Amma bitar da za a tara mutum sama da ɗari a zaure ɗaya, mai gabatarwa yana gudu a majigi, rabin mutane ba su zo da laftof ba, sauran rabin caji ya ƙare, ba ta koya wa hannu komai. Ido ne kawai ke kallo. Abin da ya fara zauna min a kai shi ne wanda na yi da takardun ofishina, ranar da shugaban sashe ke jiran su.

Na fara da teburin maki. A tsarin maki biyar da yawancin jami'o'inmu ke bi, 70 zuwa 100 A ce mai maki 5, 60 zuwa 69 B mai 4, 50 zuwa 59 C mai 3, 45 zuwa 49 D mai 2, 40 zuwa 44 E mai 1, abin da ya gaza 40 kuma F. Kowa ya duba kundin dokokin jami'arsa, domin akwai inda aka cire E. Domin mayar da maki harafi, da farko fomular IF, mai cewa in kaza ne a yi kaza, na yi ta cusawa cikin wata IF har baka-baka suka rikita ni. Malamin lissafi da ke zama kusa da taga ya ce in bar wahalar da kaina, in rubuta ƙaramin tebur a gefe: layin tsaye na farko 0, 40, 45, 50, 60, 70, na biyu F, E, D, C, B, A, na uku 0 zuwa 5. Sai fomula ɗaya:

=VLOOKUP(E2,$J$2:$L$7,2,TRUE)

Ma'anarta, ɗauki jimillar da ke gidan E2, je ka teburin nan, ka tsaya a lamba mafi girma da ba ta wuce ta ba, ka kawo min abin da ke layi na biyu. In ka mayar da 2 ɗin nan 3, maki zai kawo maka maimakon harafi. Sharaɗinsa lambobin su tashi daga ƙarami zuwa babba. In ka fara da 70 ka gangaro, zai ba ka amsa, kuma ba zai gaya maka ƙarya ya yi ba.

Alamar dalar nan ta fi ba mutane wahala a ajinmu. Turke ce. In ka ja fomula ƙasa, duk abin da ba a ɗaure ba sai ya bi ka, teburin ya zame layi ɗaya-ɗaya, ɗalibi na goma ya samu #N/A ko harafin da ba nasa ba. Ka haskaka J2:L7 a cikin fomular ka danna F4, dalolin za su shiga da kansu. A wasu laftof sai an haɗa da Fn.

Wani ya tambaya a taronmu me ya sa ba ma amfani da XLOOKUP, sabuwar fomula mai yin aikin VLOOKUP, tunda an ce ya fi sauƙi. Ya fi, amma babu shi a Excel 2016 da 2019, sai daga na 2021 zuwa sama da kuma Microsoft 365, kuma kwamfutocin ofisoshinmu kun san shekarunsu. Fayil ɗin da zai zagaya hannun malamai goma gara a gina shi da abin da kowace na'ura za ta gane. Haka mai laftof ɗin gwanjo da ta zo da saitin Faransanci, ko abokan aikinmu na Maraɗi da Damagaram: a wurinku VLOOKUP sunansa RECHERCHEV, kuma waƙafi mai ɗigo ake sawa tsakanin sassanta, ba waƙafi zalla ba.

Makon da maki suka fara shigowa

A nan aikin ya nuna haƙoransa. Abu na farko, 69.5. Malami ya ba ɗaliba 24.5 a gwajin aji, 45 a jarabawa. Gidan jimilla an saita shi ba ya nuna ɗigo, sai ka ga 70 ɓaro-ɓaro a allo, harafin kusa da shi kuma B. Wanda bai sani ba zai ce kwamfuta ta yi kuskure. Ba ta yi ba: 70 take nuna maka, 69.5 take riƙe da shi. In dokar jami'arku ta ce a cike rabi zuwa sama, to jimillar ta zama =ROUND(C2+D2,0). In ba ta ce ba, a bar ɗigon ya fito kowa ya gani. Wannan hukunci ba na mai buga maki ba ne, na kwamiti ne, kuma na sa an rubuta shi a bayanan taron sashe kafin in taɓa fomular. Rabin makin nan a kwas mai yunit uku yana iya zama bambancin 3.49 da 3.50 a ƙarshen karatu, wato tsakanin digiri mai daraja ta biyu ƙasa da ta biyu sama. Yaro zai ɗauki wannan takarda har tsufansa.

Na biyu, wanda bai zauna jarabawa ba. Excel yana ɗaukar gidan da ba komai a matsayin sifili, sai ya manna wa ɗalibin da ke kwance a asibiti F, alhali ABS, wato bai halarta ba, ya kamata a rubuta masa, kuma hukuncinsu ba ɗaya ba ne. Na gyara da IF a gaba: in gidan jarabawa fayau yake, rubuta ABS, in ba haka ba je ka tebur.

Na uku shi ne wanda ya fi ba ni tsoro, domin na ga ya faru a wani sashe shekarun baya. Mai haɗa sakamako ya so jera sunaye bi da bi, ya haskaka layin suna kaɗai ya danna Sort. Sunaye suka jeru, maki suka tsaya inda suke. Ba a farga ba sai da aka liƙa a allo, wata yarinya da ba ta taɓa faɗuwa ba ta zo ofis tana kuka. Excel yakan yi gargaɗi ya tambaya ko a faɗaɗa zaɓin, amma wanda ke sauri ba ya karanta akwatin da ya ɓullo. Ni yanzu Ctrl da T nake fara dannawa in mayar da jerin tebur, ta yadda kowane layin kwance zai tafi a haɗe. Sannan ba na haɗa maki da suna. A ajin da ke da Aisha takwas da Abubakar goma, wani malamin ya fara da sunan uba, wani ya fara da na yanka, lambar rajista ce kaɗai shaida. Ita ma takan zo da sarari a ƙarshe wanda ido ba ya gani, VLOOKUP ya ce bai san ta ba. TRIM ke share shi. Kuma wajen neman lambar rajista FALSE ake sawa a ƙarshen fomula, ba TRUE ba, domin a nan ba a son na kusa, shi ɗin ake so.

GPA kuwa, wato matsakaicin makin ɗalibi a zango, da na gane fomular SUMPRODUCT sai da na yi dariya ni kaɗai a ofis. Ɗalibi ya ci A a kwas mai yunit 3, C a mai 2, B a mai 3, F a mai 2. Da hannu: 15 da 6 da 12 da 0, jimilla 33, a raba da yunit 10, ya zama 3.30. SUMPRODUCT na ninka layin yunit da layin maki ya tara su a numfashi ɗaya, kai kuma ka raba da SUM na yunit. Duk da haka nakan zari ɗalibai kaɗan daga sama, tsakiya da ƙasa in lissafa nasu da biro in gwada. Masu koyar da 'yan sabon manhajin CCMAS, wanda hukumar kula da jami'o'i ta ƙasa, NUC, ta ƙaddamar a ƙarshen 2022, ku lura lambobin kwasa-kwasai da yunit ɗin wasu sun canza; kada a kwafo kan tsohuwar takarda a ɗora musu.

Abin da na tsinta a teburin wasu

Hajiya ta ofishin kuɗi ce ta nuna mana dalilin da sifilin farko ke ɓacewa a lambar waya da ta asusun banki. Lambar asusu goma ce, ka buga mai farawa da 0, Excel ya haɗiye shi ta koma tara, banki ya dawo da takardar alawus ɗin mutane. Maganinsa a mayar da layin Text kafin a fara bugawa, ko a sa alamar ' a gaban lambar. Hajiya, Allah ya saka da alheri, wannan kaɗai ya biya kuɗin man zuwa aji.

Malam na rijistara kuma ya gwada mana Mail Merge: wasiƙa ɗaya a Word, jerin sunaye a Excel, wasiƙun gayyata na kowa da kowa suka fito kowanne da sunansa da sashensa. Ban ƙware ba tukuna.

Masu rubutu da Hausa, maganar ƙugiya ta taso. Tsofaffin fayilolinmu da aka buga da salon haruffan nan na Rabi'at, in aka buɗe su a na'urar da ba ta da wannan rubutun, sai ka ga baka da wasu alamomi a inda ƙ da ɗ da ɓ suke. A zamaninsa ya yi mana rana, amma yanzu haruffan suna cikin Unicode. A Word ka buga 0199 ka danna Alt da X, ƙ za ta fito. 0257 ɗ ce, 0253 ɓ. Wanda ke rubutu da yawa ya sauke Keyman, manhajar allon madannai, a waya kuma Gboard na da Hausa.

Ajiya da sirri

Filas ɗina ya daina shiga kwamfutar kowa. Wanda ya taɓa kai nasa shagon buga takardu ya dawo ya tarar foldojinsa sun koma gajerun hanyoyi saboda ƙwayar cutar kwamfuta ya san dalili. Google Drive, ma'ajiyar fayiloli ta intanet, na ba da 15GB kyauta, amma tare da Gmail da hotuna ake cin su, don haka bidiyon biki na iya hana imel shigowa. Sunan fayil kuma na bar "na ƙarshe" da "na ƙarshe sosai". Shekara, wata, rana nake farawa da su, sai lambar kwas, su jeru da kansu.

Abu ɗaya da ban yarda da shi ba, ko da wasu manyanmu na yi: tura takardar sakamako ta zauren WhatsApp na malamai. Dannawa ɗaya ta isa ta kai ta zauren ɗalibai kafin Sanet, majalisar jami'a mai amincewa da sakamako, ta zauna. Ban da haka, tun 2023 akwai dokar kare bayanan mutane a Najeriya, kuma makin ɗalibi da lambarsa bayanansa ne. A tura ta imel ɗin jami'a, a sa wa fayil kalmar sirri, a faɗi kalmar ta wata hanya daban. Duk wanda bai kunna tabbatarwa mai mataki biyu a imel ɗinsa ba, mu yi shi tare ranar Asabar, ba ya cin lokaci.

Ɓangaren ƙarin girma

A nan, wato tattara bayanan maƙalun da ake dubawa wajen ƙarin girma, ina baya. Na buɗe ORCID, lamba ce mai gurbi 16, kyauta, wadda ke rarrabe ka da sauran masu irin sunanka a duniyar bincike, kuma mujallu da yawa na tambayarta. Na gyara shafina na Google Scholar, na cire maƙalu biyu na wani takwarana da ya liƙa min. Zotero, manhajar tsara manazarta, na sauke, na ga yadda yake ɗauko bayanan maƙala daga intanet ya jera manazarta a Word cikin salon APA, amma littattafan Hausa da aka buga a Zariya da Kano da hannu ake shigar da yawancinsu, kuma ban gama gane yadda zan hana shi juya sunayenmu ba. Malama ta laburare ta yi alkawarin zama da mu a kan wannan, da kuma yadda ake gane mujallun 'yan damfara masu turo imel suna cewa za su buga maka cikin mako in ka biya. Ta ce kafin nan kowa ya duba ko mujallar da yake hari tana cikin DOAJ ko AJOL, shafukan da ke jera mujallun da aka tantance.

Ranar Asabar mai zuwa PivotTable, mai taƙaita babban tebur ya fitar da ƙididdiga, nake so mu taɓa, domin kwamitin tsangaya na neman adadin masu A zuwa F a kowane kwas da kason waɗanda suka faɗi, kuma har yanzu fomular ƙirga ta COUNTIF nake bi ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya iya ya zo da shirin koyarwa. Kowa ya taho da wani aiki na gaske daga teburinsa, amma a goge sunaye da lambobin ɗalibai tukuna, a sa na bogi. A cika caji daga gida, domin ba a kunna janareton tsangaya a ƙarshen mako, kuma mai doguwar wayar soket ya taimaka ya zo da ita.